Manyan Akusan Zauren Inuwa

Ran Talata da hantsi, kasuwar Mafara ba ta gama cika ba, Maiwada mai akusa ya sauke jakinsa a ƙofar gidan Inuwa mahauci. Daga Bakura ya taso, don an aika masa cewa Inuwa ya soma fataucin shanu, ya gina sabon zaure, yana neman kayan cin abincin da za su dace da shi.

Ya baza kaya a ƙasa: akusa baƙaƙe manya da ƙanana, fayafayan rufi masu ja da baƙi, tabarmin kaba, buzaye, da wata tasar tagulla da ya ce daga ƙasar Nupe ta fito. Inuwa ya ɗauki wani matsakaicin akushi yana jujjuyawa.

Maiwada ya ce, "Haba maigida, wanga ai na gidan mai akuya biyu ne. Zaure irin naka in ka aje ƙaramin akushi ciki, ɓacewa za shi yi. Dubi waɗanga."

Ya janyo wasu guda uku, kowanne sai mutum ya rungume shi da hannu biyu. Inuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a zauren, aka jera su a kai, ya ja da baya yana kallo, yana shafa gemu.

Tabawa matarsa ta yi gyaran murya daga bayan danga. Ya leƙa.

Ta ce a hankali, "Maigida, kowane ɗaya cikinsu ya kai tuwon gidan ga duka. Ka san damina ba ta yi ba, ka san abin da ke rumbu."

Ya ce, "Sarkin Fawa ya tsufa, Tabawa. Ran da za a nemi magaji, wanda mutane sunka saba cin tuwonai shi za su ambata. Ki bar ni in yi abin da na sani."

Marka mahaifiyarsa tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Ta ce, "Ƙyale shi. Ubansa a ƙwaryar da anka ɗinke ya ci tuwo har ya mutu. Yau Allah ya ɗaga ɗana, ke ce za ki danne shi?"

Aka sayi ukun, da tasar, da tabarmi, da buzaye.

Wadda aka miƙa wa su ta wanke ita ce Hadizatu, matar marigayi Bube ƙanin Inuwa. Sa ne ya soke Bube a mayanka, ya rasu ya bar ta da tsohon ciki. Ta haifi Nafisatu, tana zaune a gidan tana shayarwa har a yaye. Ta durƙusa da goyo a baya tana cuɗa akusan da toka, hannunta ba ya kai gindin babban sai ta sunkuya.

Tun daga ranar gidan ya canza. Inuwa ya kafa doka: akushi ba ya fita zaure sai tuwo ya yi tozo a cikinsa, faifai ya ɗare a sama. Ya ce babban akushi da rabin tuwo zagin kai ne. Da azahar a fitar, da magariba a fitar. Mahauta suka saba, dillalan shanu suka saba, malaman unguwa suka saba. Kowa ya cire takalmi ya hau sabuwar tabarma, ya ci ya lashe hannu, ya ɗaga tafi ya yi wa Inuwa addu'a.

Dawar da ake aunowa daga rumbu kuwa ba ta ƙaru da yawa ba. In aka tuƙa, zaure ne farko. Sai Marka. Sai masu kora wa Inuwa shanu, su ne kuma ke cinye abin da baƙi suka rage tun kafin akusan su dawo ciki. Sai 'ya'yan Tabawa, sai Tabawa. Abin da mara ta kankaro a gefen tukunya, shi ne na Hadizatu. Nama ma, ko da yake gidan mahauta ne, duk tsokar da ta shigo a miyar zaure take ƙarewa.

Kuma ita ke surfe, ita ke niƙa, ita ke riƙe muciya. Ba wanda ya ce mata baiwa. Abin da aka ce kawai, ita ce ƙarama, kuma ba ta da mijin da za ta yi wa hidima.

Da farko ta daure. Takan jiƙa ƙanzo da safe ta sha, ta ɗaure ciki da ɗankwali ta hau dutsen niƙa. Sai ta soma ganin duhu in ta miƙe tsaye. Sai nono ya soma ja da baya. Nafisatu ta kama ta tsotsa, ta saki ta yi kuka, ta koma ɗayan, ta saki. 'Yar fari ce, kunya ba ta barin Hadizatu ta ambaci sunanta ko ta rarrashe ta a gaban mutane. Sai ta shige ɗaki ta matse nonon da yatsu, ɗigo biyu uku su fito, ta shafa mata a leɓe.

Ta je wurin Tabawa. Ta same ta tana tsince wake.

"Adda, ko a ɗan ba ni gero in dama kunun kanwa? Nonon ya ɗauke."

Tabawa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Geron na furar baƙi ne, shi da kansa ya ɗaure bakin taikin. Ke kina ganin ni ƙoshi nika yi? Dubi wuyana. Ɗiyana huɗu, jiya ƙaramin da kuka ya yi barci. In na ɗiba miki, ni za a tuhuma."

"Ko ludayi ɗaya, Adda."

"Ki yi haƙuri, Hadiza. Ruwa ya kusa sauka."

Ta je wurin Marka, ta durƙusa. Tsohuwar ta karɓi jaririyar ta ɗaga ta sama, ta dube ta, ta mayar.

Ta ce, "Haƙori ne za shi fito. Ku ɗiyan yanzu ba ku da jimiri. Mu da munka shayar, ganye munka ci, ga su nan sun zama maza. Kuma kar in ji kin kai maganar ga waje. A ce gidan da ke ciyar da gari ya kasa ciyar da ke?"

Bazara ta yi zafi. Rijiyar gida ta ja, Hadizatu ta ƙara da ɗebo ruwa daga maƙwabta don wanke akusa da cika butocin zaure. Ta soma ba Nafisatu ruwan ƙanzo da yatsa. Cikin yarinyar ya ɓaci, ta yi ta zawo, maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Wata rana da la'asar Inuwa ya shigo cikin gida yana duba wata tabarma da miya ta ɓata. Hadizatu ta zo ta durƙusa nesa da shi, ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ina neman alfarma."

"Mi ya faru?"

"A bar ni in tahi Janbako wurin su Inna, ko na ɗan lokaci. Yarinyar ga ba ta da lahiya."

Ya ajiye tabarmar. "Ki tahi da ɗiyar Bube? A wanga lokaci? Kin san mi za a ce a kasuwa? A ce Inuwa shina ciyar da baƙi, ya kori marainiyar ƙaninsa. Ko so kike ki ba abokan takarata abin faɗi?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Nonon ne babu. Abincin…"

"Abincin mi? An taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba a gidan ga? Ke da kanki ke tuƙawa. Ki bari a yi naɗi, komai za shi warware. Ɗiyar Bube ai ɗiyata ce."

Ya ɗauki tabarmarsa ya fita, yana kiran a kawo ruwan zafi a wanke tabon kafin ya zauna.

Ranar da ta yi abin da aka kira sata, baƙi ne suka zo daga Bakura. An kwashe tuwo an jera, Tabawa ta shiga ɗauko fayafayai. Hadizatu tana tsaye a kan babban akushin, tururi yana dukan fuskarta. Ta sa hannu ta yanko daga saman tozon ta cusa a baki. Da zafinsa ta haɗiye, ya ƙone mata maƙogwaro. Ta ƙara. Sannan ta jiƙa hannu ta shafe wurin.

Faifai ya zauna daidai da bakin akushi, bai ɗare ba. Inuwa ya gani tun kafin a buɗe. Ya jira sai da baƙi suka tashi. Ya shigo, ya tsaya a tsakar gida.

"Wa ya taɓa tuwon zaure?"

Hadizatu ta ce, "Ni ce, Yaya."

Bai buge ta ba. Ya dube ta kawai ya ce, "A gaban mutanen Bakura. Allah ya jiƙan Bube, bai ga wanga ba."

Marka ce ta yi sauran. Ta kira ta mai dogon hannu, mai baƙin ciki da arzikin gida. Daga ranar tsohuwar ta dawo da kujerarta bakin murhu, tana zaune har a kwashe a rufe. Ko ɗanɗana gishirin miya Hadizatu za ta yi, sai idon Marka na kanta.

Bayan haka ne Jafaru ya zo. Dillalin shanu ne daga Maradun, ya san Malam Nagode mahaifin Hadizatu, yakan biya ta Janbako in zai koma gida. Tana cikin tuƙi ta ji muryarsa a zaure, muciya ta kusa faɗuwa daga hannunta. Ta ce a ranta, yau Allah ya kawo mai kai saƙo.

Ta jira aka fitar da akusa. Ta matsa jikin bangon zaure tana saurare. Ta ji an ɗaga faifai, ta ji Jafaru ya ce, "Tabarakallah! A wagga shekara? Inuwa, ko a fada ban ga irin wanga ba." Ta ji suna ci. Can ya ce, "Ina ɗiyarmu Hadizatu? Malam ya ce in na zo in gano ta."

Inuwa ya ce, "Tana nan ƙalau, ita da ɗiyata. Wanga tuwo ma hannunta ne. Bari a kira ta ku gaisa."

Aka kira ta bakin danga. Marka ta biyo ta, ta tsaya a bayanta har tana jin numfashinta. Ta yafa mata mayafi, ya rufe ta da goyon duka. Ta tsakanin karan danga Hadizatu ta hango Jafaru a kan buzu, hannunsa da maiƙon miya, Inuwa a gefensa yana murmushi.

"Hadizatu, kina lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ya ɗiya?"

Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta. Amma ga yayan mijinta zaune, ga baƙi, ga hannun Marka ya sauka a kafaɗarta. Tun tana ƙarama aka koya mata ba a tona asirin gidan aure a gaban maza.

Ta ce, "Da sauƙi."

"Madalla. Ina da saƙo zuwa gida?"

"A gaishe su. A ce wa Inna… a ce ina son ganinta."

Jafaru ya yi dariya. "Kewa ce. Zan gaya musu su kwantar da hankali. Abin da idona ya gani yau, su can ne abin tausayi, ba ke ba. Ki gode Allah, ki yi wa yayanki biyayya."

Ta koma bayan ɗaki ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta gane ba wanda zai zo daga Janbako, don tuwon da ta tuƙa da hannunta ya riga ya ba da shaida a kanta.

Nafisatu ta daina kuka bayan wannan. Sai ta yi ta kallon sama da idanun da suka zurma, bakinta a buɗe. In an sa mata nono ba ta kamawa. Marka ta shafa mata toka a dasashi ta ce haƙorin ne. Tabawa ta faki ido ta kawo ɗan kunu a ludayi, ta ce, "Sha maza kar a gani." Hadizatu ta ɗiga wa yarinyar, ya dawo ta gefen baki.

Wata safiya, bayan ta wanke akusan ta kife su a rana, ta ɗauki tulu kamar za ta ɗebo ruwa. Ta ajiye shi a bakin rijiyar maƙwabta, ta gyara goyo, ta bi hanyar Maradun.

Ba ta da guzuri. Ta bi bayan wasu mata masu tallan nono har suka rabu da hanya. Ta tsinci ɗanyar magarya ta tauna. Rana ta take, ƙasa ta yi zafi, ta riƙa tafiya daga inuwa zuwa inuwa. A hanya, da yake ba kowa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a gida. Ta kira sunan 'yarta da ƙarfi.

"Nafisatu. Nafi. Ki daure, mun kusa. Inna na da akuya mai nono."

Ta yi ta faɗa mata haka. Ta ba ta labarin gidansu, da tsamiyar ƙofar gida, da yadda za a dama musu fura. Wajen la'asar ta ji goyon ya yi mata nauyi irin wanda ba ta saba ji ba, kan yarinyar yana bugun bayanta in ta taka. Ta tsaya. Ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar. Ba ta sauke ba. Ta ƙara ɗaure zani, ta ci gaba da tafiya, ta ci gaba da magana.

Wani mai jaki ya tsince ta a gefen hanya ya kai ta Janbako. Fadima mahaifiyarta ce ta kwance goyon. Ta dubi jikar, ta rufe ta. Da ta zo cire wa 'yarta mayafi ta ga ƙasusuwan wuya da haƙarƙari, ta ga nonon ya manne kamar tsohuwar fata, sai ta dafa bango.

Ta ce, "Jafaru ya ce kina cikin daula."

Hadizatu ta ce, "Ya ga akushi, Inna."

Inuwa ya iso ta'aziyya a kan doki, da jaki a bayansa ɗauke da taikin dawa. Mutanen Janbako suka fito kallo. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar Malam Nagode, Jafaru ma yana nan. Inuwa ya yi hawaye na gaske, don yana son Bube. Ya ce da ta zauna da an nemi magani. Ya ce rana ce ta bugi yarinyar a hanya. Ya rantse ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, ya ce a tambayi Jafaru. Jafaru ya ce shi shaida ne, da hannunsa ya ci.

Fadima ta yi magana daga cikin soro. "A shigo a dubi jikinta. Ku da kunka ci, ku shigo ku gani."

Maza suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce zafin rashi ne, a yi mata uzuri. Wani ya ce ajali in ya zo ba ya tambayar ƙoshi ko yunwa. Malam Nagode ya daɗe yana jan carbi. Ya ga 'yarsa, ya san gaskiya. Amma rumbunsa ya kusa ƙarewa, da bakuna da yawa a gidan, ga taiki a jingine a jikin bango. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ce." Aka shafa. Kafin a tashi har an sa Hadizatu ta zo bakin ƙofa ta nemi gafarar yayan mijinta, don ta fita gidansa ba izini. Ya ce ya yafe. Mutane suka yaba haƙurinsa.

Ba a jima ba aka naɗa Inuwa Sarkin Fawa, kuma ba wanda ya ce bai cancanta ba. Zaurensa ya ci gaba da cika. Malamai sun ci a can, dillalai sun ci, masu hukunci sun ci, mutanen da suka san haƙƙin maraya da na mai shayarwa fiye da kowa. Sun yaba laushin tabarma, sun yaba sassaƙar akushi, sun tambayi inda aka samo tasar. A cikinsu duka ba a sami wanda ya taɓa tsayar da hannu ya ce, na cikin gida sun ci? Bango ɗaya ne tsakaninsu da murhun. Yarinyar ba a daji ta yi yunwa ba, ba kuma a gidan matsiyaci ba. A gidan da aka fi ko'ina tuwo a unguwar ta yi ta, ƙamshin miya yana shiga hancin uwarta safe da yamma.

A Janbako aka surfa dawar Inuwa, don ba wata. Fadima ta tuƙa, ta kwashe na farko tun kafin na Malam, ta zuba miya, ta kai ɗaki ta ajiye a gaban 'yarta.

"Ci, Hadiza. Duka naki ne, ba mai jiran ki rage."

Hadizatu ta dubi tuwon. Ta sa hannu ta yanko loma, ta riƙe ta har ta huce a yatsunta. Ta mayar.

Ta ce, "Inna, yanzu in ci don wa?"